Fim Ɗin Ƙanina a Faifai Guda

Ko zan manta komai a duniyar nan, ba zan manta ranar da muka kunna wa mahaifiyarmu fim ɗin ƙanina ba. Shekaru sun ja, faifan sidi ma yanzu sai dai ka gan shi rataye a madubin tasi yana walƙiya, amma har yau in na wuce ta gaban shagon masu kwamfuta a unguwar Nima sai in kau da kai.

Ƙanina kafinta ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka ɗan fim. Ni na ɗauko shi daga garinmu can arewa yana ɗan saurayi, ya zauna wurina a nan birni, a unguwar Maamobi inda nake ɗinki, kuma tun zuwansa bai taɓa komawa gida ba. Duk salla Mma, mahaifiyarmu, za ta aiko ya zo ta gan shi, shi kuma ya ce ba zai je mata hannu rabbana ba, sai ya zama wani abu. Da samarin unguwa suka haɗu za su yi fim na Hausa, sai ya sami abin faɗa. Ya ce a gaya wa Mma ta kwantar da hankalinta, a talabijin za ta gan shi. Na sha yi masa tsiya, ina cewa mutumin da ya kasa gyara mini ƙofar ɗaki shi ne zai cika talabijin? Sai ya yi dariya, wushiryarsa a waje, ya ce in dai jira.

Kyamarar aro ce, ta wani mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Kanda, har kasusuwan bidiyon da ake ɗauka a kai duk nasa ne. Ranar Lahadi kawai suke samu, su bi lunguna, su shiga Kasuwar Malam Atta, mata masu tumatir suna korarsu. Ƙanina ya fito a abokin ango, mai ba da dariya. An gama ɗauka, ana cikin haɗa fim ɗin a kwamfuta, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mun ɗauka na kwana biyu ne, ashe tafiya ce.

Mma ba ta sami jana'iza ba, don kafin saƙo ya isa mata an riga an kai shi. Ta aiko cewa za ta zo sadakar arba'in, kuma ba ta son komai a wurina sai abu ɗaya, a nuna mata ɗanta a talabijin ɗin nan da ya yi ta faɗa. Na duba kayansa kaf, ban sami hoto ba sai na jikin katin zaɓe, wanda ni kaina ban gane shi a ciki ba. Fim ɗin nan ke nan ya rage mana.

Na bi abokinsa, wanda ya shirya fim ɗin, zuwa shagon da ake haɗawa. Ɗan ɗaki ne a Nima, fanka tana juya zafi, kasusuwan biki jibge har kan kujera. Mai shagon ya ce fim ɗin ya haura awa biyu, ba zai shiga faifai ɗaya ba, a raba shi kashi na ɗaya da na biyu. Abokin ƙanina ya ce sam, kuma yana da hujja. Duk wanda ya zauna a Zango, unguwannin Hausawa irin tamu, ya san faifai ba ya zama gida ɗaya. Maƙwabciya ta ara, ta ba ƙanwar mijinta, ita kuma ta kai Zongo Lane, kuma kullum kashi na biyu ne ke ɓacewa. Finafinai nawa muka kalla a gidanmu ba mu san ƙarshensu ba? Ga shi yawancin fitowar ƙanina a ƙarshe take. Ya ce ba zai yarda tsohuwa ta koma gida a ɓatar mata da rabin da ɗanta yake ciki ba.

Mai shagon ya sosa kai. "Sista, fim ya yi girma paa, sosai da sosai," ya ce da ni. "Sai dai a matse shi. Zai shiga, amma zai rage kyau kaɗan."

Kaɗan ya ce, kuma na yarda iyakar abin da ya sani ke nan. Muka zauna kwamfutar tana gurnani, wani koren layi yana rarrafe kamar ba ya son isa, har aka kira la'asar. Da faifan ya fito, ya nuna mana farkonsa a wata 'yar taga da ba ta fi tafin hannu ba, muka ga mutane suna motsi lafiya lau. Na ce ya kashe kafin ƙanina ya fito, don na san ba zan iya kallonsa ba sai Mma na kusa. Na naɗe faifan a sabon ƙyalle, na sa a ƙasan akwati.

Mma ta iso a gajiye, ta rame. Washegarin sadaka da hantsi muka aro babban talabijin na maƙwabta muka ajiye a tsakar gida, aka shimfiɗa mata tabarma a gaba. Samarin fim duk sun zo sun tsaya jikin bango. Tun daga farko na ga alamar matsala. In mutum ya tsaya cak, da sauƙi, amma da ya motsa sai fuskarsa ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, kamar ƙyallayen da nake harhaɗawa in yi zanen gado. Murya kuwa kamar daga cikin gwangwani. Kuma ƙanina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa iya tsayawa wuri ɗaya ba. Rawarsa a fim ɗin duk tsalle ce da juyi.

Da ya fito na gane rigar, don ni na ɗinka ta. Amma inda fuska ya kamata ta kasance, wani dunƙulen duhu ne yake narkewa yana haɗuwa. Mma ta matsa gaba, ta ƙara matsawa har numfashinta yana taɓa gilashin.

"Wanne ne shi?" ta tambaye ni.

Na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kama gefen mayafinta ta shiga goge gilashin talabijin a hankali, a zatonta ƙura ce. Ta goge, ta duba, ta sake gogewa. Ba wanda ya iya ce mata ta bari. Abokin ƙanina ya juya fuskarsa ga bango, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ko takalmi ban sa daidai ba na nufi Nima, abokin yana biye da ni, mu ce a raba shi ko kashi nawa ne. Mai shagon ya dube mu. Ya ce ai ya share fim ɗin. Cikin kwamfutarsa kaɗan ne, aikin biki kuma ba ya jira, don haka da zarar aiki ya hau faifai mai shi ya karɓa, sharewa yake yi ya zuba wani. Haka yake yi tun da ya buɗe shago, ba wanda ya taɓa dawowa. Na zazzage masa duk abin da ke bakina, ya sunkuyar da kai, kuma zagin bai dawo da komai ba.

Muka wuce Kanda wurin mai kyamara, ko kasusuwan asali suna nan. Suna nan. Ya sa mana su ɗaya bayan ɗaya, muna kallon auren mutanen da ba mu sani ba, mata sun sha anko suna rawa, kowace fuska tas har kana iya ganin kwallin idonsu. Kaset a wurinsa abin maimaitawa ne, da an dawo da shi sai ya ɗora wani biki a kai. A ƙarshen wani kaset, bayan an rufe addu'ar wani aure, hoto ya yi rawa, sai ga ƙafar wandon ƙanina da takalminsa a bakin kwata, ya ɗaga ƙafa zai taka. Nan kaset ɗin ya ƙare. A bakin titi na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Mma ba ta yi faɗa ba, ba ta zargi kowa ba. Ta karɓi faifan ta ƙulle a bakin zane. A tasha, mota na shirin tashi, ta riƙo hannuna ta taga, ta yi ƙasa da murya kamar mai jin kunyar tambayar.

"An ce ya tsayar da gemu. Ya yi mishi kyau?"

Sai a lokacin na tuna rabonta da shi tun bai fara aske haɓa ba. Na ce ya yi masa kyau ƙwarai, Mma. Ta gyaɗa kai, mota ta ja. Har ta koma ga Allah ba ta san yadda fuskar ɗanta ta zama da ya girma ba, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ta fara dushe mini. Wushiryar ce kawai ta tsaya.

Abin da ranar nan ta koya mini ba shi da daɗi. Duk wanda yake da mai jiran ganinsa, ya tashi ya je yanzu, ko da ba shi da komai a hannu. Kada ya ce sai ya zama wani abu, kada ya aika da hoto ko faifai a madadinsa. Ƙanina ya so uwarsa ta gan shi babba a talabijin, ita kuwa fuskarsa kawai take so, kuma mota tana zuwa garinmu kullum.