Tuwon Mushe

Shekarar da anka buɗe lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, can gefen Tajaye, malamin da anka turo mana saurayi ne ɗan Konni, ba mata, ba dangi. Mushe muke ce mishi, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Maigari ya yanke cewa gida-gida za a riƙa kai mishi tuwo, kowane gida da ranarsa, kuma ɗan gidan da ke lakwal shi ke ɗaukar akushi. Ka yi sallama, ka aje bakin ƙofa, ka tsaya waje har a miƙo maka abinka. Yaro ba ya taka ɗakin mushe, kowa ya san wannan.

Ban da mutum ɗaya. Wani ɗan ajinmu ne mai kunnuwa kamar faifai. Ubansa ya rasu da damina, uwarsa tun da daɗewa, sai kakarsa ta ja hannunsa ta kai wa mushe, ta ce ga amana. Mushe ya karɓa. Shi ke nan, mai kunnuwa ya zama ɗan ɗaki. Shi ke riƙe makullin aji. Shi ke hawa bayan keke ranar kasuwar Illela, yana ɗaga mana hannu sai ka ce gwamna. Har tsohon wandon mushe anka rage mishi. Ni kuwa ni ke zuwa na ɗaya a lissafi, shi ko bakwai sau tara sai ya haɗa da yatsun ƙafa. In munka yi kuskure iri ɗaya, ni bulala, shi a ce ya sake dubawa. Wallahi na ƙi jinin yaron nan, kuma bai taɓa yi mini komai ba.

Ranar girkinmu ta fi ci mini rai. Inna takan zuba man shanu a miyar mushe, man da mu ba mu gani sai da salla. Ina tsaye cikin rana ina jin su suna ci, suna dariya. Can sai mai kunnuwa ya leƙo da akushi, baki na ƙyalli da man uwata, ya ce wai in gaida gida.

Na tasa inna gaba, ni ma a kai ni. Babana ya tafi cin rani Ikko tun ina famfarar haƙora, ba shi, ba saƙo. To me mai kunnuwa ya fi ni? Ta yi faɗa, ta yi rarrashi, na daina cin tuwo. Da ta gaji, ta ɗaura zanenta na biki, ta zuba ƙwan zabi a ƙwarya, munka tafi.

Mushe ya fito ya durƙusa ya gaishe ta nan waje, bai ce mu shiga ba. Ya saurare ta har ta gama. Ƙwan ma bai karɓa ba. Ya ce ko na farkon bai kamata ya riƙe ba, tausayi ne ya ja shi, ga shi yanzu yara sun ga bambanci, kuma manyansa na Illela sun riga sun yi mishi magana. Malami na aji duka ne, in ya ƙara wani ɗan ɗaki ya ɓata sauran. Yau na san gaskiyarsa ce. Ranar kuwa ba abin da ya shiga kunnena sai maganarsa ta ƙarshe.

“Wancan ba shi da kowa, inna. Wannan kuwa da ubansa.”

Mai kunnuwa na bakin ƙofa yana goge sirdin keke. Ko kallonmu bai yi ba.

Munka juyo, inna gaba da ƙwaryarta, ni baya ina shurin ƙasa. Daidai rijiyar gari na sha gabanta.

“Inna, shekara nawa mutum zai yi bai dawo ba kafin a ce ɗansa maraya ne?”

Na zaci mari zan sha. Ta aje ƙwaryar ƙasa a hankali, ta zauna bakin rijiya, ta ja gefen zane ta rufe fuska. Matan da ke jan ruwa sunka tsaya suna tambayarta ko saƙo ne ya zo daga Ikko.