Mai Gashin Baki da Kifin da Ke Iyo a Kife

A ɗakin jira na asibitin dabbobi kowa yana riƙe da kyanwa ko kare, ban da wani ƙaton mutum mai gashin baki. Yana sanye da kwat mai tsada, ya rungume kwalbar gilashi kamar jinjiri. A ciki wani jan kifi ne ke iyo a kife, tumbi a sama, yana tangaɗi kamar ya sha ya bugu. Duk inda kifin ya karkata, shi ma mutumin sai ya karkata wuya. Ina zaton manaja ne a wani ofis, irin wanda ma'aikata ke hangowa su ɓoye waya. Yau kuwa gumi ne ke keto masa.

Likitar tana leƙa kwalbar, tana tambaya: "Ranka ya daɗe, sau nawa kake ba shi abinci?"

"Duk sanda ya kalle ni."

"To, ƙoshi ne ya danne jakar iskar da ke daidaita masa iyo. A hana shi abinci kwana uku, a canza masa ruwa."

"Kwana uku? Likita, na 'yar autata ne fa. Amana ta bar min da za ta koma makaranta, kuma jibi za ta dawo."

Ya murza gashin baki. Can sai ya kare kwalbar da tafin hannu, wai kada kifin ya ji, ya rage murya:

"In bai miƙe ba, ko kin san inda ake samun mai kama da shi sak?"