Kibiyar Sama a Kwamfutar Maigidana

Matso kusa ka ji, don wannan ban cika faɗa wa mutane ba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, aikin kwamfuta yake yi wa wani sito a Ilupeju, a Legas. Ni kuwa aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ba mai son fita ba ce. Ɗakinmu biyu a Agege, a bayan layin dogo, nan duniyata take. In ya dawo da la'asar, rigarsa duk warin hayaƙin motocin haya na danfo, sai ya buɗe kwamfutar a kan tabarma. Allonta baƙi ne wuluk, babu hoto ko ɗaya, sai fararen rubutu. Ya rubuta layi, ta amsa masa da layi. Ina tsinke alayyafo ina jin yatsunsa. Har na gane wani sauti: ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ɗaya mai ƙarfi.

Na ce, "Maigida, wannan ukun da ɗayan fa?"

Ya ce, "Kunnen nan naki. Kibiyar sama ce. Duk umarnin da na ba ta tana riƙewa. In na danna, sai ta dawo min da na baya, ba sai na sake rubutawa ba."

"Ashe ta fi ka riƙe magana."

"Ita ai ba ta min gori."

Shi ya haɗa min umarnin da ke kamo rediyon Kano. Ya ce in danna kibiya har in ga kalmar rediyo, sannan in danna babban maɓalli. Iyakar karatuna ke nan.

Da ya rasu, 'yan gaisuwa suka watse bayan bakwai, na shiga takaba ni kaɗai. Rediyon nan ya zama abokin hirata. Da ya katse in sake kunnawa, a wuni sai in yi sau biyar, sau shida. Wata rana yatsana ya zarce, na wuce rediyo na ci gaba da hawa. Sai ga Hausa a tsakanin Turancin. Layi ya fara da wata alama kamar ƙaramin tsani, sannan: "a tuna albasa, kasuwar Mile 12." Na ƙara hawa. "Wannan bai yi ba, gobe." Can sama kuma: "tana waƙa a kicin, ta ɗauka ba na ji."

Na daɗe zaune a wurin. Ashe haka yake ajiye tunaninsa, ya sa alamar don kada injin ya ɗauka aiki aka ba shi. Daga ranar na yi wa kaina ƙa'ida: kullum bayan azahar in hau kaɗan, in karanta biyu ko uku, in bar saura. Ba na so su ƙare min da wuri.

Ana gobe zan fita takaba ƙanwarsa ta zo. Haihuwar Legas ce, ita ma a ofis take aiki, Hausarta rabi Turanci. Na nuna mata rubuce-rubucensa a kwamfutar ina murna. Ta karɓa ta yi 'yan rubuce-rubuce, sai na ji yatsunta sun tsaya.

"Anti, sau nawa kike kunna rediyon nan?"

"Ke kuma lissafi za ki min a gidan mijina?"

"Ba wasa nake ba, Anti. Layi dubu kawai Yaya ya sa ta riƙe. Duk sabon da ya shiga, mafi tsufa yana faɗuwa. Yanzu fiye da rabi duk rediyo ne."

Ban gane ba sai da ta maimaita. Wato duk lokacin da kewa ta ishe ni na kunna, da hannuna nake ture maganarsa ɗaya waje. Waɗanda nake tattali a can sama, in kai gare su a hankali, su ne suka fara tafiya.

Na ce, "Ba a dawo da su?"

Ta girgiza kai. Ta kwashe ragowar ta zuba a fayil, ta tura min a waya, ta kuma ƙara wa kwamfutar yawan abin da za ta riƙe. Ta rungume ni, ta ce sai ta yi sauri kafin hanyar Oshodi ta cushe.

Ragowar suna nan, na haddace su. Amma ba na son karanta su a waya. Na fi son in hau da kibiya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ɗakin ya yi irin ƙarar da yake yi a da. Kwanaki na nemo alamar tsanin nan da kaina, na rubuta a ƙasan nasa: "na san kana ji." Na danna babban maɓalli. Ba ta amsa komai ba, ta dai riƙe.

Na saman da suka tafi, ban san me ya ce a ciki ba. Wataƙila albasa ce kawai. Kai a ganinka, me mutum yake rubutawa in ya tabbata ba mai karantawa?