Farar Ƙasar Yaya Isyaku da Baƙon da Ya Ci Tuwonmu

Shekara goma sha tara ke nan cif da muka kai yayana, Malam Isyaku, makwancinsa a Zakirai, kuma har yau in na tuna abin da aka yi masa sai raina ya ɓaci.

A shekarun fari rijiyoyinmu suka ja baya, ruwan ya koma ja, ga wari, yara sai gudawa. Yaya malamin kimiyya ne a sakandare. Ya riƙa haƙo farar ƙasa, ya gasa ta a ramin masu tukwane, ya dafa da ruwan kanwa har ta zama tsakuwa. In aka zuba ta a randa sai ta tsotse dauɗar, ruwa ya fito garau. Wai masana ziyolait suke ce wa irinta.

To, ga inda ya yi kuskure, in kuskure ne. Ranar Juma'a ana sallamewa ya miƙe ya bayyana yadda ake haɗa ta tiryan-tiryan, har ya rubuta da ajami aka rarraba. Na ce, "Yaya, ka dai rage wani abu mana." Ya ce, "Haba Ado, ana ɓoye wa mai ƙishirwa ruwa?"

Da ya je birni neman a yi mata rajista da sunansa, aka ce abin da aka riga aka shelanta ba sabo ba ne, doka ba ta san da shi ba. Amma wani baƙo da ya kwana uku a zaurenmu, yana cin tuwonmu yana rubuce-rubuce, ya ƙara ɗan sinadari, ya sami takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Wace irin doka ce wannan, mai rowa ta ba shi hatimi, mai kyauta ta kore shi?

Yau a leda ake sayar da ita, da sunan wancan. Da Yaya zai gani, na san shi, tambayarsa ɗaya ce: ruwan na fita garau? Ni ne dai ban yafe ba.

Bara jikarsa Hauwa ta dawo daga jami'a da littafi mai sunan baƙon, tana tambayata ko da gaske kakanta ne ya fara. Na ja ta gidan Inna Kande mai tukwane, na nuna tsakuwar randa na tambayi Inna me sunanta.

"Ƙasar Malam Isyaku mana, Allah ya jiƙansa."

Na ce, Hauwa, je ki tambayi mai takardar ko an taɓa shan ruwa aka sa masa albarka.