Kunnen Gidanmu

Ƙanwata tana da shekara biyar aka ba ta aiki a gidanmu na Palladan, aikin da ko babba aka ba sai ya nemi sauƙi. Babanmu kafinta ne a Sabon Gari, kuma in ya tashi aiki da yamma yakan ratse gidan burkutu. Ba kullum ba, shi ya sa abin ya fi muni. Ran da bai sha ba har tsire yake riƙo mana. Ran da ya sha kuwa, Mama ce ke ji a jikinta.

Ita ƙanwar tawa Allah ya ba ta kunne. Tun babur ɗin Baba yana kan kwalta take tsinto shi cikin sauran, ta kuma gane yadda yake murza shi. In yana tafe a hankali sai ta ce, "Lafiya lau." In yana ba shi wuta yana saki sai ta ce, "Ya sha." Mama ta ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa. Da rana ta yi sanyi muna can muna 'yar gala-gala, ita tana zaune ta karkata kai. Da ta ce ya sha, Mama za ta sauke tukunya, ta ɓoye muciya da wuƙa, mu fice ta baya zuwa maƙwabta. Kunnen gida muke ce mata, Mama har tsoka take ƙara mata a miya. Ni da na girme ta da shekara huɗu har kishi nake yi, don wauta.

Sau ɗaya ta kuskure. Zazzaɓi ya kama ta, barci ya sace ta a kan kujerar. Ranar Mama ta rasa haƙori biyu. Ba wanda ya ce laifinta ne, amma ita ce ta tsince su a tsakar gida.

Tana da shekara goma sha ɗaya Baba ya rasu. Ba zan yi ƙarya ba: na yi kuka a coci, na kuma samu sakewa. Aka sayar da babur, aka mayar da kujerar kicin, muka ɗauka magana ta ƙare.

Shekara na zagayowa ta fara ƙirgen dangi, ta soma al'ada, sai abin ya taso. Da ta ji babur sai ta zabura, ta yi ƙofa da gudu, gumi na keto mata. Garinmu kuwa acaba kamar ƙuda. A makarantarsu ta Samaru malamai suka ce jikinta ne kawai a aji, idonta na taga. Ta rame, ta zama masifaffiya, abu kaɗan sai kuka.

Matan unguwa ba su sha wahalar gano cutar ba. "Yarinya ta fara nono, tana jin babur tana rawar jiki? Ai ba sai an faɗa ba, ɗan acaba ne ya hure mata kunne." Mama ta yarda. Ni ma na yarda, ni ce ma na zama 'yar sandan gidan. Wata yamma na ritsa ta a ƙofa.

"Wane ɗan iska kike jira?" na ce.

"Yaya, ba kowa."

"To me kike yi a nan?"

"Saurare nake yi."

Na kwaɗa mata mari a kan kunnen. Har yau ina jin zafin a tafin hannuna, kuma ban yafe wa kaina ba.

Aka yi bulala, aka yi azumi da addu'a, aka kulle ta a ɗaki. Daga aji biyu na sakandare Mama ta cire ta, wai don kada ta kwaso mana abin kunya. Sai da ta kai sha shida, ta yi makonni ba ta magana, sannan muka kai ta asibiti.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ba ta tambayi zancen samari ba, yarintarta ta tambaya, Mama ta ba ta labarin kujerar tana ma ɗan alfahari. Likita ta ajiye biro. Ta ce ƙwaƙwalwar yaro aikin da gida ya koya mata take riƙewa, kuma lokacin balaga takan sake yin laushi kamar ɗanyen daɓen siminti, duk abin da ya taka ta sawunsa zai zauna. Da ta samu kwanciyar hankali a shekarun nan, in ji ta, da wataƙila ta koyi cewa hatsarin ya wuce. Mu kuwa a shekarun muka fi dukanta. Mama ta rufe baki da gefen zane har muka iso gida.

Yanzu Mama ta rasu, ƙanwata tana wurina a Dogarawa. Ta haura talatin, tana shan magani, tana ɗinki, ta samu sauƙi ba laifi. Mijina malamin makaranta ne, ko sigari bai taɓa sha ba. Saboda ƙanwar tawa, kullum a bakin layi yake kashe babur ɗinsa, ya turo shi da hannu har gida.

Jiya da yamma muna gyaran alayyahu sai na ga ta tsaya cak, ta karkata kai. Ni ban ji komai ba. Ashe ƙarar sarƙar babur ɗin mijina take ji.

"Yaya, kada ki sauke tukunya," ta ce a hankali. "Yau lafiya lau."