Tante Zéline, Wadda Ta Ƙi A Shafe Layin Ruwa

Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, Allah ya ɗauki ran Tante Zéline Duplessis, malamar waƙa, a gidanta na unguwar Tremé a birnin New Orleans, tana da shekara tamanin da bakwai.

Tante, ni magini ne, ke kika mai da ni mawaƙi. Bayan guguwar da ta cika New Orleans da ruwa, na zo gyara miki bango, na tarar da ke a tsakar gida kina shanya takardu ɗaya bayan ɗaya. Opera ce, wato wasan kwaikwayo na waƙa, da kakanki, wani mai aski, ya rubuta da harshenmu na Kiriyol, aka hana shi zauren wasa saboda launin fatarsa. Ruwa ya cinye shafi goma sha ɗaya. Kika ce, "Suna cikin kaina, Honoré. Ɗora shinkafa da jan wake, ka kira min mutane."

Muka taru koyon waƙoƙin: direbobi, masu wanki, masu kamun jatan lande. Wasunmu a ɗakunan wucin gadi suke kwana. Ba ki raga wa kowa ba. Ni kika ce muryata kamar ana jan kujera.

Wani baƙo mai shirya wasanni ya ba da shawarar a juya waƙoƙin zuwa Turanci, tunda masu jin Kiriyol sun watse. Kika dube shi kika ce, "Ɗana, gidajenmu ne suka nutse. Bakinmu yana nan."

A cocin unguwa muka yi wasan, ba tagogi. Na ɗauko fenti zan rufe baƙin layin da ruwa ya bari a bango, kika riƙe hannuna. "Bar shi. A ga inda ya tsaya, a ji inda muka kai." Ran nan mutanen da ruwa ya kora suka zo daga biranen Houston da Atlanta. Tsoffin da suka rantse ba za su dawo ba suka zauna suna kuka, suna bin amshi. Gida tara na san sun dawo daga baya.

Ranar Asabar za mu raka ki maƙabarta da waƙar kakanki, da harshen da kika hana a binne.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki zafin bakinki, ya ba ki hutawa. 'Yarki Clothilde da jikoki da dukan Tremé, Allah ya ba mu haƙuri. Gwajin waƙa yana nan ranar Alhamis kamar kullum, kada wanda ya makara.