Hannun Mubarak a Kan Ƙwallo

Cikin shekarun da na yi ina busa usur a gasar ɗaliban Najeriya a Setapak, can ƙasar waje, akwai wata Asabar da har yau in na tuna ta gabana ke faɗuwa. Ku sababbin alƙalan wasa nake ba labarin, domin laifin nawa ne.

Ni ba ɗalibi ba ne. Girki nake yi a wani gidan abinci, amma na taɓa alƙalanci a gida, shi ya sa kwamitin gasa ya ɗauke ni. Abin da na ɓoye wa kowa shi ne idona ya fara rauni. Daga tsakiyar fili, dishi-dishi nake ganin na bakin raga. Na ƙi sa tabarau don kada yara su ce Baba Isiyaku ya tsufa.

Wasan kusa da na ƙarshe ne, ruwan la'asar ya jiƙa fili. Aka bugo ƙwallo, gola Mubarak ya faɗi a kanta, ɗan gaba ya sa ƙafa, ta shiga raga. Na ji ihu, na busa ci. Ihun na bi, ban ga komai ba.

Ga yadda doka take: in gola ya danne ƙwallo da ƙasa, ko da hannu ɗaya ne, ya kama ke nan, ba a taɓa ta. In ta kuɓuce masa, ta kowa ce.

"Wallahi hannuna na kai!" in ji Mubarak, yana riƙe da yatsunsa.

"Hannu ɗaya kamu ne? Tashi mana, ka daina fim!" wani ya ce daga ɗaya ɓangaren.

Nura, kyaftin ɗin su Mubarak, ya tsaya gabana. "Baba, me ka gani?"

Na ce ƙwallo a sake take. Ya ture ni, na zauna cikin taɓo.

Ƙa'idar gasa ita ce duk wanda ya taɓa alƙali, a rubuta wa makarantarsa. Nura da tallafin gwamnati yake karatu, saura masa zango ɗaya. Takarda irin wannan tana iya mayar da shi gida hannu wofi. Na san haka, amma kwana uku na yi shiru. Gishiri sau biyu na zuba a miya ɗaya.

Ranar Talata kwamiti ya zauna a shagon mamak, wato irin shagon shayi da abinci na can. Aka yi ta musu: wannan ya ce sai hannu biyu, wancan ya ce ko yatsa ɗaya ya isa. Sai shugaba, Dakta Bashir, ya tsawatar.

"Doka a fili take. Tambayar ita ce, hannun na kai ko ba ya kai? Baba, in hukuncinka daidai ne, Nura ba shi da uzuri, yau takarda za ta tafi."

Na dubi Nura, kansa a sunkuye. Na dubi yatsun Mubarak a naɗe. Na ajiye kofin shayina. Na ji tsoron kunya a gaban yaran da na haifi kamarsu, na kuma ji tsoron ranar da Allah zai yi mini wannan tambayar.

Na nuna allon abinci da ke bango, na ce, "Dakta, rubutun can ma ba na iya karantawa. Ban ga hannu ba, ban ga ƙwallo ba. Ƙarya na yi."

Daga ƙarshe aka dakatar da Nura zuwa ƙarshen gasa, ba a rubuta takarda ba, aka sake wasan. Ni kuma aka karɓe usur shekara guda.

A bakin ƙofa Nura ya ce, "Baba, da ka faɗa, ai da kanmu za mu kai ka wurin likitan ido."

Ya gama karatunsa. Yatsan Mubarak kuwa har yau a karkace yake.

Abin da na koya shi ne 'yan wasa suna yafe wa alƙalin da ya ce bai gani ba. Don haka in ba ku gani ba, ku tambayi mai tuta kafin ku busa. Kun ga tabarau a fuskata. Nura ne ya zaɓa mini shi.